Haɗin Gwiwar Bincike a Fagen Ilimin Lissafi Tsakanin Jami'o'i

1.0 Gabatarwa

Akwai wata fahimta da ta daɗe a zukatan mutane, cewa masanin lissafi mutum ne da yake kulle kansa a ɗaki, daga shi sai alli da allo, ba ya neman kowa, kowa ba ya nemansa. Wannan fahimta tana cikin abubuwan da suke sa yara tsoron darasin lissafi, domin sun ɗauka baiwa ce da ake haihuwar mutum da ita, wanda bai samu ba kuwa sai haƙuri. Tarihin fannin bai goyi bayan haka ba. Mafi yawan abin da ake ganowa a lissafi a wannan zamani, masana biyu ko uku ko fiye ne suke haɗuwa su gano shi, kuma sau da yawa ba a jami'a ɗaya suke ba.

A wannan babi za a bayyana ma'anar rukunin bincike na haɗin gwiwa, da tushensa a tsarin karatunmu na gargajiya, da dalilan kafa shi, da yadda ake gudanar da shi. Za a kawo misalai daga ƙasashen waje da kuma Nijeriya, sannan a dubi matsalolinsa da darasin da malamin gobe zai ɗauka daga gare shi.

2.0 Ma'anar Rukunin Bincike na Haɗin Gwiwa

Rukunin bincike na haɗin gwiwa shi ne taron masana da ɗalibansu na manyan digiri, waɗanda suke aiki a jami'o'i ko cibiyoyi daban-daban, amma suka amince su riƙa nazarin reshe ɗaya na ilimi tare. A nan, ilimin lissafi ya ƙunshi tsantsar lissafi kamar aljabara da nazarin lambobi, da lissafin da ake amfani da shi wajen warware matsalolin rayuwa, da ƙididdiga, da kuma sashen ilimin kwamfuta da ya dogara a kan lissafi.

Ya kamata a bambanta rukunin bincike da ƙungiya. Ƙungiya tana da tsarin mulki da rajista da kuɗin shiga, kuma takan tara ɗaruruwan mutane masu fannoni mabambanta. Rukunin bincike kuwa ƙarami ne, abin da ya haɗa mutanensa shi ne tambaya ɗaya da suke neman amsarta. Sai dai galibi a wurin taron ƙungiya ne masu sha'awa iri ɗaya suke haɗuwa har rukuni ya tsiro.

3.0 Tushen Al'amarin a Karatun Gargajiya

Wanda ya tashi a tsohuwar unguwa irin Mandawari a cikin birnin Kano ya san makarantar zaure, inda malami yake zaune a kan buzu, almajirai manya suna kewaye da shi, kowa da littafinsa. Daga cikin fannonin da ake karantawa a irin waɗannan zauruka akwai ilimin rabon gado, wanda lissafi ne tsantsa a wajen aiwatarwa. Dubi wannan mas'ala: mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da uwa da uba da 'ya'ya mata biyu. Matar tana da sumuni, uwa da uba kowanne yana da sudusi, 'ya'yan biyu suna da sulusi biyu. Idan aka ɗauki 24 a matsayin asalin mas'ala, matar ta sami 3, uwa 4, uba 4, 'ya'ya 16. Jimla ta zama 27, wato ta haura 24. Malamai suna warware wannan ta hanyar auli, wato a raba dukiyar gida 27 maimakon 24, domin ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Idan dukiyar naira 270,000 ce, matar za ta karɓi 30,000, uwa 40,000, uba 40,000, kowace 'ya kuma 80,000.

Abin lura shi ne, malami mai tsentseni ba ya yanke irin wannan hukunci shi kaɗai idan mas'ala ta rikice. Yakan aika wa wani malamin da ya fi shi ƙwarewa a fannin, ko da a wata unguwa ko wani gari yake, domin kuskuren lamba ɗaya yana iya cinye haƙƙin maraya. Haka kuma almajiri yakan bar wannan zaure ya tafi wancan, domin babu malamin da ya tara dukkan fannoni. Waɗannan abubuwa biyu, wato bin diddigin aikin juna da neman ƙwararre a inda yake, su ne ginshiƙan rukunin bincike na zamani.

Tarihi ya adana mana sunan wani masani daga ƙasar Hausa da ya yi fice ta wannan hanya, wato Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina. Ya yi karatu wurin malamai daban-daban, ya tafi aikin hajji, sannan ya zauna a Alƙahira. A shekarar 1732 ya yi rubutu da Larabci a kan hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, wato jadawalin lambobi wanda jimlar kowane layi nasa, a tsaye da a kwance da a karkace, take zama ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741, a gidan abokin hulɗarsa na ilimi, Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Aljabarti. Ke nan cuɗanyar masananmu da na wasu ƙasashe a kan lissafi ta girmi jami'o'in zamani da fiye da shekaru ɗari biyu.

4.0 Dalilan Kafa Rukunin Bincike

Dalili na farko shi ne faɗin fannin. Lissafi ya rarrabu zuwa rassa masu yawa, ta yadda sashe guda a jami'a yana iya samun malamai ashirin, amma mai nazarin wani reshe ya kasance shi kaɗai ne. Idan irin wannan malami yana Kano, wanda zai fahimci aikinsa sosai yana iya kasancewa a Zariya ko Sakkwato ko Yamai. In bai nemi waɗannan ba, tunaninsa zai tsaya wuri ɗaya.

Dalili na biyu shi ne tabbatar da hujja. A lissafi ba a karɓar magana sai an kafa mata hujja mataki bayan mataki. Mataki ɗaya in ya karye, dukkan ginin ya rushe. Mai aiki kuwa da wuya ya ga kuskuren kansa, kamar yadda ido ba ya ganin abin da ya faɗa cikinsa sai wani ya duba masa.

Dalili na uku shi ne horar da ɗalibai. Ɗalibin digiri na uku yana bukatar mai duba aikinsa da ya ƙware a reshen da ya zaɓa, da mai jarrabawa daga wata jami'a. Rukunin bincike yana samar da duka biyu, kuma yana ba ɗalibi damar gabatar da aikinsa a gaban waɗanda za su yi masa gyara tun kafin ya kai ga jarrabawa.

Dalili na huɗu shi ne matsalolin rayuwa ba sa zuwa a reshe ɗaya. Wanda zai yi nazarin yaɗuwar cuta yana bukatar masanin lissafi da masanin ƙididdiga da likita da mai sarrafa kwamfuta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5.0 Yadda Ake Gudanar da Rukuni

Rukuni yakan fara ne daga babban malami ɗaya ko biyu da ɗaliban da suka horar. Idan ɗaliban suka kammala suka watsu zuwa wasu jami'o'i, sai su ci gaba da aiki da malaminsu, su ma su ɗauki nasu ɗaliban. Da haka rukuni yake yaɗo kamar kabewa.

Ayyukan rukuni sun haɗa da taron ƙara wa juna sani da ake yi lokaci-lokaci, yau a wannan jami'a gobe a waccan. Da bita ta mako ɗaya ko biyu domin koya wa matasa sabuwar dabara. Da ziyarar bincike, inda malami zai je ya zauna a wata jami'a na ɗan lokaci. Sakamakon aiki yakan fito a matsayin maƙala, wadda ake aika wa mujallar ilimi, ita kuma ta miƙa wa wasu masana su tantance ta ba tare da an bayyana sunansu ba. Akwai wata al'ada a tsantsar lissafi, ta jera sunayen marubuta bisa tsarin abacada, ba bisa girma ko muƙami ba, domin da wuya a auna wanda tunaninsa ya fi na wani amfani a cikin hujja guda.

Ta fuskar kuɗi, lissafi ya fi sauran fannonin kimiyya sauƙi, domin mafi yawan rassansa ba sa bukatar ɗakin gwaji mai tsada. Abin da ake kashewa shi ne kuɗin mota da masauki da littattafai da intanet. Tun daga 1991, lokacin da aka buɗe ma'ajiyar maƙalu ta intanet mai suna arXiv, masani a Kano yana iya karanta sabon aikin da aka yi a Faransa ko Japan kyauta, tun kafin mujalla ta buga shi.

6.0 Misalai Daga Ƙasashen Waje

A tsakiyar shekarun 1930 wasu matasan masana a Faransa suka ga cewa littattafan da ake koyarwa da su sun tsufa. Sai suka haɗu suka riƙa rubuta sababbi da suna ɗaya na aro, wato Nicolas Bourbaki. Kowane babi sai an karanta shi a gaban kowa an yi masa suka, wani lokaci a sake rubuta shi sau da yawa, kafin a amince a buga. Littattafansu sun yi tasiri a kan yadda ake rubuta lissafi a duniya baki ɗaya.

Wani misali shi ne Paul Erdos, ɗan ƙasar Hungari, wanda ya rasu a 1996. Ya shafe rayuwarsa yana yawo daga jami'a zuwa jami'a, ya wallafa maƙalu kimanin 1,500 tare da abokan aiki fiye da 500.

Misali na uku ya shafi lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu, irin su 2, 3, 5, 7, 11 da 13. An daɗe ana hasashen cewa tagwaye daga cikinsu, masu tazarar 2 kamar 11 da 13, ba su da iyaka, amma har yau ba a tabbatar ba. A 2013 Yitang Zhang ya tabbatar da cewa akwai irin waɗannan lambobi bibbiyu marasa iyaka waɗanda tazararsu ba ta kai miliyan 70 ba. Nan da nan masana daga jami'o'i da yawa suka haɗu ta intanet a ƙarƙashin shirin Polymath, wanda Timothy Gowers na Jami'ar Kambirij ya assasa a 2009. Da jagorancin Terence Tao, da kuma sabuwar dabarar James Maynard, suka sauko da tazarar daga miliyan 70 zuwa 246 a cikin 2014. Mutum ɗaya ne ya buɗe ƙofa, amma taron jama'a ne ya yi wannan nisa cikin ɗan lokaci.

7.0 Halin da Ake Ciki a Nijeriya da Afirka

An kafa Ƙungiyar Malaman Lissafi ta Nijeriya, wadda aka fi sani da MAN, a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A wannan jami'a ce Farfesa Iya Abubakar, wanda ya yi digirinsa na uku a Kambirij, ya shugabanci sashen lissafi, daga baya ya zama shugaban jami'ar daga 1975 zuwa 1978. A 1976 aka kafa Tarayyar Masana Lissafi ta Afirka a birnin Rabat na Maroko, kuma babban taronta na biyu a Jos aka yi shi a 1986, shekarar da Farfesa Aderemi Kuku ya zama shugabanta. Ƙungiyar Masana Lissafi ta Nijeriya, wato NMS, wadda ta fi karkata ga bincike, ta kafu a 1984. A 1988 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, wadda take Sheda a yankin Kwali na Abuja, Farfesa James Ezeilo ne daraktanta na farko. Daga cikin manufofinta akwai tara malamai da ɗalibai daga jami'o'i daban-daban domin kwasa-kwasan da jami'a ɗaya ba za ta iya gudanarwa ba.

A Arewacin Nijeriya ana iya nuna rukunai na zahiri. Na farko ya samo asali ne daga Jami'ar St Andrews da ke Sikotilan, inda Farfesa John Howie ya horar da Abdullahi Umar da Goje Uba Garba a wani reshe na aljabara mai nazarin yadda ake harhaɗa sauye-sauye, wannan bayan wannan. Dukkansu sun kai matsayin farfesa, kuma ɗalibansu da ɗaliban ɗalibansu sun ci gaba da wannan nazari a Zariya da Kano da wasu jami'o'in Arewa.

Na biyu ya taso ne daga Farfesa Charles Chidume, wanda ya daɗe yana aiki a cibiyar bincike ta Tiriyeste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa. Daga baya ya dawo Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Abuja, wadda aka kafa a 2007. Fanninsa shi ne hanyoyin kusantar amsa sannu a hankali ta maimaita lissafi, a inda ba a iya samun amsa kai tsaye. Malamai da dama na sashen lissafi na Jami'ar Bayero sun yi karatu a hannunsa ko sun wallafa maƙalu tare da shi kafin rasuwarsa a 2021.

Na uku ya shafi lafiyar al'umma. Farfesa Abba Gumel ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Bayero a 1989, ya yi na uku a Ingila a 1994, sannan ya koyar a Kanada da Amurka. Bayan ɓarkewar cutar numfashi ta SARS a 2003, shi da masana fiye da goma daga jami'o'i da cibiyoyin lafiya daban-daban suka wallafa nazari a 2004 a kan tasirin killace masu cuta. A 2020 kuma ya yi aiki da wasu rukunai a kan cutar korona, ciki har da nazarin amfanin takunkumin fuska da nazarin yaɗuwar cutar a Nijeriya. Tushen irin wannan lissafi mai sauƙin fahimta ne. Idan mai cuta ɗaya yana harbin mutum uku a cikin al'ummar da ba ta da kariya, to sai an kare fiye da kashi biyu cikin uku na jama'a kafin cutar ta fara ja da baya, domin a lokacin ne mai cuta ɗaya ba zai sami ko mutum ɗaya cikakke da zai harba ba. Amma gano ko lambar uku ce ko biyu ko biyar, aiki ne da sai an haɗa likita da mai ƙididdiga da masanin lissafi.

8.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kuɗi. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana ba da tallafin bincike ga jami'o'i da kwalejojin ilimi da na fasaha, amma masu nema sun fi abin da ake bayarwa yawa. Ta biyu ita ce yawan aikin koyarwa, domin malamin da yake da ɗaruruwan takardun jarrabawa a gabansa ba shi da natsuwar bin hujja mai tsawo. Ta uku ita ce ƙaurar ƙwararru zuwa ƙasashen waje, ko da yake rukuni mai ƙarfi yakan mayar da wannan asara riba, idan wanda ya tafi ya ci gaba da duba ɗalibai a gida. Ta huɗu ita ce bangon harshe tsakanin maƙwabta: Kano ta fi kusa da Maraɗi a kan Legas, amma masanin Nijeriya da Ingilishi yake rubutu, na Nijar kuma da Faransanci, alhali dukkansu suna iya zama Hausawa.

Matsala ta biyar ta ɗabi'a ce, kuma ita ce mafi haɗari. Akan sami waɗanda suke saka sunan abokinsu a maƙalar da bai yi aikin komai a cikinta ba, shi ma ya rama musu, domin kowa ya sami ƙarin girma. Wannan ba haɗin gwiwa ba ne, ha'inci ne, kuma yana zubar da mutuncin rukunin da yake aiki na gaskiya.

9.0 Darasi ga Malamin Gobe

Ɗalibin Hausa yana iya tambaya: mene ne nawa a ciki? Amsa ta farko ita ce, yaron firamare a Mandawari da Hausa yake tunani, kuma da ita yake lissafin canji idan an aike shi kasuwa. Idan ana so ya fahimci sulusi da rubu'i da tarawa da ɗebewa, sai an sami kalmomi daidaitattu. Masanin lissafi ya san ma'ana, masanin harshe ya san yadda ake ƙirƙirar kalma. Kowanne shi kaɗai aikinsa ba zai cika ba. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, duk ayyukan taron masana ne. Irin wannan zama ake bukata tsakanin malaman Hausa da na lissafi.

Amsa ta biyu ita ce, ana iya kwaikwayon tsarin rukuni a cikin aji. Alal misali, malami ya raba yara gida-gida, ya ba su lambobi daga 1 zuwa 9 su jera a hatimi mai gida uku-uku, ta yadda kowane layi zai ba da 15. Amsa ɗaya ita ce: layin sama 4, 9, 2; na tsakiya 3, 5, 7; na ƙasa 8, 1, 6. Idan wani gida ya gama, kada malami ya ce daidai ne ko kuskure ne, sai ya miƙa wa wani gidan ya tantance. Daga nan ya tambaye su dalilin da ya sa 5 take zama a tsakiya kullum. Da haka yaro zai koyi cewa gyara ba cin fuska ba ne, kuma hujja ake bi, ba girman mai magana ba.

Amsa ta uku ita ce, malaman makarantun unguwa ɗaya suna iya haɗuwa sau ɗaya a wata su tattauna darasin da yake ba yaransu wahala. Wannan ma rukunin bincike ne, ko da ba a kira shi da wannan suna ba.

10.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa rukunin bincike taron masana ne daga jami'o'i daban-daban da suke neman amsar tambaya ɗaya. An nuna cewa ginshiƙansa biyu, bin diddigin aikin juna da neman ƙwararre a inda yake, sanannu ne a makarantunmu na zaure tun kafin zuwan boko. An kawo misalan Bourbaki da Polymath, da rukunan da suka haɗa Kano da Zariya da Abuja da ƙasashen waje, tare da matsalolin da suke fuskanta. Abin da ya rage ga malami shi ne ya shuka wannan ɗabi'a tun daga aji ɗaya, domin masanan da za su cika waɗannan rukunai nan gaba suna zaune a gabansa yanzu.

Tambayoyi

1. Bambanta tsakanin rukunin bincike da ƙungiyar masana, tare da misali ɗaya na kowanne.
2. Kawo dalilai huɗu da suke sa masana lissafi haɗa gwiwa, ka yi bayanin biyu daga ciki.
3. Mutum ya rasu ya bar magada irin waɗanda aka ambata a sashe na 3.0, dukiyarsa kuma naira 540,000 ce. Fitar da rabon kowa, sannan ka ba abokin karatunka ya tantance.
4. Idan aka jera lambobi daga 1 zuwa 25 a hatimi mai gida biyar-biyar, nawa ne jimlar kowane layi? Bayyana yadda ka gano.
5. Wace rawa malamin Hausa zai taka wajen sauƙaƙa koyar da lissafi a makarantar firamare?